ZAUREN IYALI: Kafin Ku Kira Mai Haɗa Dish

Wasiƙar da na zaɓa a wannan wata daga Sabon Gari ta fito, cikin birnin Sakkwato. Wata 'yar'uwa ce ta rubuto, uwar 'ya'ya biyar, tana cikin Zumuntar Mata. Ta ce shekara huɗu suna biyan kuɗin talabijin wata wata. Amma tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023 kaya suka yi tsada, kuɗin watan kuma ya yi ta hawa, har mai gidanta ya ce a bari haka nan. Yanzu akwatin yana nan a falo an lulluɓe shi da ƙyalle. Yara kuwa da magariba ta yi sai su sulale gidan maƙwabta, ba ta san abin da suke gani a can ba. Ta ji an ce akwai dish na kyauta, wanda ba a biyan kome a wata. Ga tambayarta: "Baba, gaskiya ne? Me za mu saya? Kuma ba sata ba ce?"

'Yar'uwa, na gode da wasiƙarki. Gaskiya ne. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, gama ita ce ta fi nauyi a zuciyar mai bi.

Tashoshin da ke saukowa daga sama iri biyu ne. Waɗansu an kulle su, sai wanda ya biya ake buɗe wa. Waɗansu kuwa masu su ne da kansu suka bar su a buɗe, domin so suke a kalle su: tashoshin gwamnatoci, da na ekklesiyoyi, da na malaman Musulmi, da na 'yan talla. Kallon waɗannan daidai yake da ki murɗa rediyo ki kama Kaduna. Ba laifi a ciki ko kaɗan. Sai dai ki kula. Wani mai haɗawa zai rage murya ya ce miki yana da dabarar da zai sa wa akwati ya buɗe ƙwallon Ingila ba biya. To, wannan ita ce satar. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu cikin 2023 ta hana fasa irin wannan makulli, mu kuwa tun kafin dokar gwamnati muna da Dokoki Goma. Banda haka dabarar ba ta daɗewa. Wata biyu, wata uku, sai kamfani ya sake makulli, kuɗinku ya bi ruwa.

Yanzu ga yadda abin yake aiki. Taurarin ɗan adam masu ɗauke da talabijin suna can nisan kilomita wajen 36,000, jere bisa layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa. Kowannensu yana kewaya duniya sau ɗaya cikin yini da kwana, daidai da juyawar ƙasa, saboda haka a wurinmu kamar a tsaye yake wuri ɗaya. Wani marubuci mutumin Ingila, Arthur C. Clarke, ya bayyana wannan dabara cikin 1945, kafin shekara ashirin kuwa aka yi ta, har aka aika da hotunan wasannin Olamfik daga Tokiyo zuwa Amurka cikin 1964. Sakkwato tana arewa da layin nan da digiri 13. Shi ya sa in kin ɗaga kai a unguwarku ba za ki ga dish yana duban arewa ba. Waɗansu suna duban kudu maso yamma, waɗansu kudu maso gabas.

Abubuwa huɗu ake bukata. Akwai farantin kansa, watau dish, wanda yake tara saƙon. Akwai ɗan abin nan da ke bakin sanda a gaban farantin, masu sana'ar suna ce da shi LNB, shi yake karɓar abin da farantin ya tara. Akwai waya. Sa'an nan akwai ƙaramin akwati da ake kira risiba, waɗansu su ce dikoda, wanda yake juya saƙon ya zama hoto da murya. Idan da can da faranti kuke kallon na biya, sau da yawa farantin da wayar za su yi, risiba kaɗai za ku sake. Idan kuwa eriya ce kuke da ita a kan dogon ƙarfe, ba za ta yi wannan aiki ba.

In sabon faranti za ku saya, ku sayi mai faɗin santimita 90, kada ku tsaya ga mai 60 domin araha. Waɗansu taurarin ƙarfinsu yakan ragu kafin ya iso wajenmu, ƙaramin faranti kuwa da hadari ya haɗu sai hoto ya kakkarye. Ga risiba kuma, ki dubi jikin kwalin. Ki ga an rubuta DVB-S2, ki ga HD, in da hali har da H.265. Mai T2 kaɗai na eriya ne. Tsohuwar risiba ta hannu za ta zo da sauƙin kuɗi, amma tashoshi da yawa sun sake irin saƙonsu, sai ki ji murya ba hoto, ko ki rasa duka biyu. A shagunan kayan lantarki na titin Emir Yahaya ko Babbar Kasuwa, ku tambayi wuri biyu uku kafin ku biya, ku karɓi rasit, ku sa a kunna akwatin a gabanku. Waya kuwa a sayi mai kauri. Rana irin ta Sakkwato tana cin siririyar waya cikin shekara guda.

Wannan duka mai shago ma zai iya faɗa miki. Abin da ba zai faɗa miki ba shi ne dalilin da ya sa na zaɓi wasiƙarki. Farantin nan ba ya kawo kome sai abin da ke inda aka juya fuskarsa. In ba ku faɗi inda kuke so ba, mai haɗawa zai zaɓa muku, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ku kuwa ku zauna da zaɓinsa shekara da shekaru.

Bari in ba ki misali. Yawancin farantan garin nan suna duban digiri 7 yamma, inda Nilesat na ƙasar Masar yake. Tashoshin Larabci ne a can, ɗaruruwa: karatun Alkur'ani, da hoton Makka dare da rana, da labarai, da finafinan Indiya da na Turkiyya da aka juya cikin Larabci. Shi yawancin masu saye suke nema, saboda haka hannun mai haɗawa ya saba da shi. Ba mugunta ba ce, sabo ne. A wurin nan ma akwai SAT-7, tashar Kirista wadda ta fara watsa shiri cikin 1996 domin masu bi na ƙasashen Larabawa, har tana da sashen yara. Amma da Larabci take magana. Gidan da ba mai jin Larabci, zai sami tasha ɗari biyar ya rasa ta kallo.

A digiri 16 gabas akwai tauraron Eutelsat. A can aka daɗe ana kama Arewa24, wadda ta fara aiki cikin 2014, Hausa zalla dare da rana, ita ce mai wasan Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Akwai kuma tashoshin ƙasashen Afirka masu jin Faransanci. A digiri 28.2 gabas akwai Astra, inda Multi TV na ƙasar Gana ya zauna tun 2009, da Turanci da harshen Tuwi, tare da tashoshin ekklesiyoyi masu yawa. Tauraron ƙasarmu, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin cikin Disamba 2011, an ajiye shi a 42.5 gabas. Can nesa kuma a 68.5 gabas akwai Intelsat 20, wanda ya yi suna domin yawan tashoshin wa'azi. Shi wannan daga Sakkwato ƙasa ƙasa yake, kusan gabas sak, tashinsa bai kai digiri 20 ba. In akwai dogon yaro ko benen maƙwabci a gabashin gidanku, sai an yi dabara.

Tashoshi sukan ƙaura daga wannan tauraro zuwa wancan, waɗansu su mutu, waɗansu su kulle. Saboda haka kada ki riƙe wannan jeri kamar ba ya sakewa. Abin yi shi ne, ke da mai gidan ku zauna ku rubuta tashoshi biyar ko shida da kuke so ƙwarai. Ku je gidan wani ɗan'uwa a ekklesiya wanda ya riga ya haɗa, ku kalli nasa da idonku. Sa'an nan ku ce wa mai haɗawa, ga abin da muke so, wane tauraro ne yake ɗauke da su yau? Akwai ɗan abu da ake kira daisek, mai haɗa taurari har huɗu a risiba ɗaya. Ni dai shawarata ku fara da ɗaya. In kun ga da bukata, a ƙara daga baya.

Mu tsofaffi mun taso da wani hali dabam. Rediyon ELWA na mishan ɗin SIM ya fara magana daga Monrobiya cikin 1954, har yaƙin Laberiya ya rushe tashar cikin 1990. Muryar Bishara kuma a Jos ake shirya ta, a watsa daga Adis Ababa, daga 1963 har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar cikin 1977. Masu wa'azin nan mun san ekklesiyar da ta aiko su, waɗansu ma mun san ƙauyensu. Talabijin kuwa, wanda ya fara a Ibadan cikin 1959, ya iso Kaduna cikin 1962, sai da yamma yake buɗewa. Dare ya yi a buga taken ƙasa a rufe. Tashar da kanta take kora yara barci. Wanda ya girma haka yakan ɗauka duk abin da ya fito daga akwati an tace shi. Ni ma haka na ɗauka, har na sha wuya.

Ga yadda aka yi. Ranar da aka haɗa mini nawa, yaron ya sa risiba ta nemo duk abin da ke kan tauraron. Ta kawo tasha fiye da ɗari uku. Na yi murna, na ce lalle kuɗina sun yi albarka, na biya shi har da na shan ruwa. Cikin mako na uku na dawo daga taron dattawa da rana tsaka, na tarar da jikana ɗan shekara tara shi kaɗai a falo, ya rage murya, yana kallon waɗansu mata suna rawa, tufafin jikinsu duka ba su kai ɗankwali guda ba. Ban buge shi ba. Wa ya kawo abin cikin gida? Ni ne.

Wannan ma da sauƙi. Ƙanwar uwargidana tana zaune tare da mu a lokacin, tana da hawan jini. Da rana in kowa ya fita sai ta kama wata tasha, inda wani mai kiran kansa annabi yake taɓa mutane suna faɗuwa, lambar waya tana gudu a ƙarƙashin hoton. Ba mu sani ba ashe ta aika da kuɗin da ɗanta ya ba ta na magani, aka aiko mata da ruwa cikin 'yar kwalba ta tashar mota. Ta daina shan ƙwayoyinta, gama an ce mata wanda ya sha magani bayan ruwan ya nuna rashin bangaskiya. Wata safiya ta faɗi a bakin murhu. Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti. Allah ya yi mana jinƙai ta tashi, amma hannunta na hagu har yau bai koma daidai ba. Wanda ya zo ya kwana da mu a barandar asibitin, Fastonmu ne, wanda albashinsa bai kai kuɗin takalmin annabin nan ba. Matan Zumunta kuma su suka yi ta kawo kunu.

Ban ce dukan masu wa'azin talabijin haka suke ba. Akwai bayin Allah na gaskiya a cikinsu, na kuwa ƙaru da waɗansu. Amma ki auna su. Ki duba ko mutumin yana buɗe Littafi Mai Tsarki ya bi nassi daki daki, ko kuwa aya guda yake fizga ya yi awa biyu yana zancen kansa. Ki duba ko sunan Yesu ya fi yawa a bakinsa, ko lambar asusun banki. In ya ce ciwonki daga surukarki yake, ko daga maƙwabciya, ki sake tasha nan da nan, gama irin wannan magana ta raba gidaje da yawa. Wanda kika yi shakkarsa, ki gaya wa Fasto sunansa. Zakarki da baikonki kuma na ekklesiyar da kike sujada ne. Ranar da aka yi miki rasuwa, mutumin cikin akwati ba zai zo ya zauna a tabarma ba.

Bayan mun dawo daga asibiti na sake kiran yaron nan. Na ce ya zauna, aka kawo masa abinci. Muka bi tashoshin ɗaya ɗaya, ni da uwargida, awa biyu cur. Waɗanda ke da alamar dala a gefe, watau kulallu, aka share. Na rawa aka share. Na masu sayar da ruwa da mai aka share. Na harsunan da ba ma ji aka share. Muka rage ashirin da uku: labarai, da na Hausa, da na yara guda biyu, da na namun daji, da na wa'azi huɗu waɗanda Fasto ya ce ya san koyarwarsu. Wannan aiki a ranar farko ya kamata a yi shi, tun ba ku biya cikon kuɗin ba. Kowace risiba tana da wurin sharewa da wurin kullewa da lamba huɗu. Yawancinsu da 0000 suke zuwa daga kamfani, yaran zamani kuwa sun san haka tun ba su iya Addu'ar Ubangiji ba. A sake lambar. A kulle wurin neman tashoshi ma, in ba haka ba babban ɗanki zai maido da duk abin da kuka share cikin minti biyar. Lambar ta zauna a kan mutum biyu, ke da mai gidan.

Za ki ga wani abu kuma da zai ɓata miki rai: shirin Kirista da Hausa kaɗan ne ƙwarai a sama. Turanci ne ya yi yawa, sai Yarbanci, da Tuwi, da Faransanci. Ga dabarar da muka yi. Yawancin risiba suna da ramin sa filash a gaba ko a baya. Wani matashi a ekklesiya ya zuba mana fim ɗin Yesu na 1979 wanda aka juya da Hausa, da waƙoƙin Zumuntar Mata, da hotunan taron Kirsimati na ekklesiyarmu. Tsohuwarmu da ba ta jin Turanci ta fi jin daɗin wannan bisa dukan tashoshin.

Sai zancen lokaci. Kin san halin wutar lantarki a garin nan, ba ta da sa'a. Da an ji yara sun yi ihu an kawo wuta, sai kowa ya watsar da abin da yake yi. Haka addu'ar yamma ta mutu a gidaje da yawa, ba wanda ya yi niyyar kashe ta. A gidana mun tsai da doka: da an gama tuwon dare sai karatu da addu'a, ko da wuta ko babu, sa'an nan a kunna. Da fari an yi gunaguni, har da manya. Ran Lahadi da safe kuma akwatin a rufe yake. Sujadar talabijin ta marar lafiya ce da tsohon da ƙafa ta gaza.

Kada ki manta, yadda 'ya'yanki suke zuwa gidan maƙwabta, haka na maƙwabta za su cika falonki. Waɗansunsu 'ya'yan Musulmi ne. Ki gaya wa iyayensu abin da ake kallo a gidanki, kada su ji daga bakin wani. In mai wa'azi ya shiga zagin addinin mutane, ki kashe, ko da baƙi ko babu. In an kira salla a masallacin unguwa, a rage murya, yaran su tafi. Mu da muke zaune a Sakkwato mun san darajar zaman lafiya da maƙwabci, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Sauran 'yan abubuwa a gurguje. In gidan haya ne, a nemi izinin mai gida tukuna. A kafa farantin a jikin bango na siminti da noti masu ƙarfi, kada a ɗaura shi a kan rufin kwano, gama iskar farkon damina takan juya shi, ɗan yatsa guda kuwa ya isa ya ɓatar da hoto. In an gama saitawa, a sa ɗan fenti a mahaɗin ƙarfen, domin in ya goce a san inda za a mai da shi. Mai haɗawa zai nuna muku layi biyu a fuskar talabijin, na ƙarfin sigina da na kyanta. Na biyun shi ne abin dubawa. In yana rawa a ƙasa ƙasa da rana tsaka sarari garau, to, ran hadari ba za ku ga kome ba, kada ku yarda. A naɗe bakin waya da baƙin tef domin ruwa. A kashe risiba kafin a taɓa wayar, gama wuta kaɗan tana bi ta cikinta zuwa LNB.

In ana ruwa mai ƙarfi hoto ya ɗauke, kada kowa ya hau ya taɓa farantin, zai dawo da kansa in hadarin ya wuce. Haka kuma wajen watan Maris da ƙarshen Satumba, rana takan bi ta bayan tauraron, hoto ya ɓace na 'yan mintoci, kwana kaɗan a jere. Ba lalacewa ba ce, kada ku biya kowa kuɗin gyara. In ana tsawa a zare filogi da wayar dish duka. Wutar da take dawowa da ƙarfi ta ƙone risiba da yawa, saboda haka ƙaramar sitabilaiza ba asara ba ce. Masu sola kuwa su kwantar da rai, risiba ba ta cin wuta fiye da ƙwan fitila guda. Ƙyallen nan mai ado da kika rufe talabijin da shi, kada ki rufe risiba da irinsa tana aiki. Zafin watan Afrilu kaɗai ya ishe ta.

Ki gai da mai gidan da kyau. Ki ce masa in ji ni, ranar da za a haɗa kada ya bar wa yara aikin ya tafi kasuwa, ya zauna a kujera kusa da ke har a gama sharewa. In kun haɗa, ki rubuto ki gaya mini tasha nawa kuka rage. Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu dubi wasiƙar wani ɗan'uwa daga Gusau a kan kuɗin makarantar yara.